Ciniki Daban, Riba Daban: Kafin Ka Sayi Hannun Jarin Masu Sayar da Kaya a Intanet

Yau zancen hannun jari za mu yi, musamman na kamfanonin da ke sayar da kaya ta intanet. Tambayar da ake yawan turo min ita ce: "Kamfanin nan kullum bunƙasa yake, in saya?" Ni kuma sai in ce, a nawa?

Bari mu fara da kasuwa. An yi maka tallan shago a Kantin Kwari kan naira miliyan 50. Shagon cike yake da masu saye, amma bayan an cire haya da kuɗin yara da na wuta, ribarsa miliyan 1 ce a shekara. Ka ga sai ka jira shekara 50 kafin uwar kuɗinka ta dawo, sai dai in ribar za ta ninka sosai. To wannan lissafin ne dai ake yi wa hannun jari: farashi a raba da riba.

Ku dubi Amazon. Ya shiga kasuwar hannun jari a 1997 kan dala 18. Farashin ya yi ta hawa har ƙarshen 1999, sannan ya faɗi da fiye da kashi 90 cikin ɗari zuwa 2001. Kamfanin bai mutu ba, a 2003 ma ya ci ribar shekara ta farko. Amma wanda ya saya a ƙololuwa sai da ya jira kusan shekara 10 kafin kuɗinsa su dawo. Pets.com kuwa, mai sayar da kayan dabbobin gida, ya shiga kasuwa a farkon 2000, kafin shekarar ta ƙare ya rufe.

Ga na kusa da mu, Jumia, wanda aka kafa a Legas a 2012. A Afrilun 2019 ya shiga kasuwar New York kan dala 14.50. Cikin 'yan makonni ya haura 40, a Maris 2020 ya dawo ƙasa da 3, a Fabrairun 2021 ya wuce 60, daga baya ya sake gangarowa ƙasa da 5. Kamfani ɗaya fa! Zumuɗin masu saye ne ke hawa da sauka.

Don haka ni abu uku nake dubawa. Na ɗaya, kuɗin kayan da aka sayar a dandalin ba na kamfani ba ne duka. Galibi dillali ne, la'ada yake ci, sai ka nemi nawa ne nasa. Na biyu, bayan kuɗin talla da kai kaya gida, me ya rage a kan kowace oda? In asara ake yi a kowace oda, yawan ciniki yawan asara ne. Na uku, nawa ke asusunsa, kuma wata nawa za su kai shi? In suka ƙare, sabbin hannayen jari zai fitar, kasonka ya ƙanƙance.

Rahoton da kamfanin ke fitarwa duk wata uku kyauta ne a shafinsa. Ka karanta kafin ka taɓa kuɗinka. Kuma don Allah, ban da kuɗin haya, ban da kuɗin makaranta, ban da bashi.

Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya sa albarka a nema.