WANDA BAI RUBUTA DOKARSA BA, WANI ZAI RUBUTA MASA

Wannan shi ne matanin laccar da wani ɗan'uwa lauya ya gabatar wa matasan Kankiya da Kusada a kan dokar nukiliya da buƙatar samar da masu iya rubuta ta. A sha karatu lafiya.



Da yawa daga cikin matasa idan suka ji kalmar nukiliya, abin da ke faɗo masu a rai shi ne bam ɗin da Amurka ta jefa wa Hiroshima a 1945, sai su ɗauka magana ce ta manyan ƙasashe wadda ba ta shafi mutumin Kankiya ko Kusada ba. To, 'yan'uwa, ba haka abin yake ba. Na'urar ɗaukar hoton ƙirji da ta ƙashi da ke asibitoci tururin radiyeshon take fitarwa. A Zariya, cikin Jami'ar Ahmadu Bello, akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike, ƙirar ƙasar Sin, wadda ta fara aiki a watan Fabrairun 2004. A arewa kuma, a garin Arlit na Jamhuriyar Nijar, an fara haƙar yuraniyom tun 1971. Ke nan abin ya zagaye ƙasar Hausa, saura kawai a tambaya: wace doka ke tsare talaka daga cutarsa, kuma wa ya rubuta ta?

ABIN DA YA FARU A BARAZIL

A watan Satumban 1987, a birnin Goyaniya na ƙasar Barazil, wasu mutum biyu suka shiga wani tsohon asibiti da aka tashi aka bari, suka ɗauko kan wata na'urar gashin ciwon daji, suka sayar wa wani mai sayen gwangwan. Da aka fasa, sai ga wani gari mai walƙiya shuɗi. Mutane suka yi ta sha'awa, ana ɗiba ana kai wa 'yan'uwa da maƙwabta, ba su san sinadarin siziyom ba ne. Mutum huɗu suka mutu, cikinsu har da yarinya 'yar shekara shida. Sai da aka auna mutum kimanin 112,000, aka samu 249 da gubar ta taɓa, aka rushe gidaje aka kwashe ƙasarsu.

Ku dubi yawan matasan wannan yanki da ke sana'ar gwangwan a Kano da Abuja da Legas. Ɗan gwangwan ba ya da na'urar awo, nauyin ƙarfe kawai yake dubawa. Abin da zai kare shi shi ne dokar da ta tilasta a yi wa kowace irin wannan na'ura rajista, a san inda take tun daga ranar da ta shigo ƙasa har ranar da za a mayar da ita, a kuma san wuyan wa za a kama idan ta ɓata. Kada wani ya ce nesa ce. A ƙarshen 2002 wasu na'urori masu radiyeshon na aikin rijiyoyin mai sun ɓata a yankin Neja Delta, daga baya aka tsince su cikin tarkacen ƙarfe a Jamus.

SAI BAYAN ƁARNA AKE TUNA DOKA

Tarihin ƙasar nan ya nuna cewa galibi sai ruwa ya ci wani sannan ake gina gada. A 1988 aka gano dubban gangunan shara mai guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, cikin tsohuwar Jihar Bendel. Hukuma ta tashi za ta hukunta masu laifi, sai ta tarar babu wata doka ta musamman da ta yi magana a kan irin wannan laifi. A gurguje gwamnatin soja ta fito da doka mai lamba 42 ta 1988, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai, da mai lamba 58 wadda ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. Irin wannan ɗanyen aiki ne ya sa ƙasashen Afirka suka ƙulla yarjejeniyar Bamako a 1991, wadda ta haramta shigo da shara mai guba nahiyar, har da ta nukiliya.

Ko a inda aka yi dokar ma, rashin mutanen da za su tafiyar da ita ya sa ta yi ta barci a kan takarda. An yi dokar kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya a 1976, amma hukumar ba ta tashi aiki sosai ba sai 2006, shekara talatin cif. An yi dokar kariya daga radiyeshon mai lamba 19 a 1995, amma hukumar NNRA da dokar ta haifar, mai ba da lasisi da sa ido, ba ta fara aiki ba sai 2001.

ƘAFAFU HUƊU NA DOKAR NUKILIYA

Masana sun ɗora wannan fanni a kan ƙafa huɗu. Ta farko ita ce kiyaye haɗari, wato kare ma'aikaci da majinyaci da muhalli. Ta biyu tsaro, wato hana ɓarawo ko ɗan ta'adda kai hannu ga kayan. Ta uku bin diddigi, wato lissafin kowane giram na sinadarin don tabbatar da ba a karkatar da shi zuwa makami ba, wanda Hukumar IAEA da ke Biyana ke bincikawa. Ta huɗu kuwa, wadda ta fi shafar talaka kai tsaye, ita ce diyya.

A nan ya kamata a tsaya a yi nazari. Yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta ce idan haɗari ya auku, mai gudanar da tashar shi kaɗai ke da alhaki, kuma wanda aka cutar ba sai ya tabbatar da cewa an yi sakaci ba. Wannan gata ne babba. Amma yarjejeniyar ta bar wa kowace ƙasa damar ta ƙayyade iyakar kuɗin diyyar a cikin dokarta, muddin dai bai gaza dala miliyan 5 na wancan zamani ba, ta kuma sa wa'adin shekara goma na shigar da ƙara. Alhali ciwon dajin da radiyeshon ke jawowa yakan ɗauki fiye da shekara goma kafin ya bayyana. Shi ya sa gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a 1997 ya ɗaga kuɗin sosai, ya kuma mayar da wa'adin shekara talatin ga wanda ya rasa rai ko lafiya. To ku gani, adadi ɗaya da lauya zai rubuta a cikin wani sashe shi ne zai raba tsakanin marayan da za a biya da waɗanda kotu za ta ce masu lokaci ya wuce.

SA HANNU BA DOKA BA NE

Nijeriya ta shiga IAEA a 1964, ta amince da yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya a 1968, tana kuma cikin yarjejeniyar Pelindaba ta 1996 da ta hana makaman a Afirka. Sai dai sashe na 12 na Tsarin Mulkin 1999 ya faɗa a fili cewa babu yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da za ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Kuma makamashin nukiliya yana cikin abubuwan da ita kaɗai ke da ikon yi wa doka, Majalisar Jihar Katsina ba ta da ta cewa. Ke nan wakilin mazaɓar Kankiya da Kusada da Ingawa yana da ƙuri'a a kan wannan batu. Idan aka ajiye masa daftari mai shafi ɗari a gabansa, wa zai karanta masa ya nuna masa inda aka danne haƙƙin mutanensa?

Maganar ba ta wasa ba ce, domin a 2017 Nijeriya ta sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha a kan shirin gina tashar lantarki ta nukiliya, an kuma ambaci Geregu a Jihar Kogi da Itu a Akwa Ibom. Duk wanda zai sayar da irin wannan haja yana zuwa ne da rundunar lauyoyinsa. Ƙasar da ta je teburin ciniki babu nata, sharuɗɗan mai sayarwa za ta sa wa hannu. A dubi Nijar: bayan shekaru arba'in da 'yan kai ana haƙa, mahaƙar Kominak ta rufe a 2021, ta bar miliyoyin tan na dusar ma'adini mai radiyeshon a kusa da Arlit. Wa zai kula da ita, da kuɗin wa, har zuwa yaushe? Amsar tana cikin abin da aka rubuta, ko aka kasa rubutawa, tun farko.

KIRA GA MATASA

Hanyar a buɗe take. Akwai tsangayar koyon aikin lauya a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, da Jami'ar Bayero, da ta Ahmadu Bello, ga kuma reshen Makarantar Lauyoyi a Bagauda. Bayan nan akwai makarantar dokar nukiliya ta duniya da ake yi duk shekara a Jami'ar Mompeliye ta Faransa tun 2001, da horon mako biyu na rubuta doka da IAEA ta fara bayarwa a 2011. Littafin jagora da hukumar ta wallafa a 2003, da na biyunsa a 2010 mai ɗauke da samfurin sassan doka, ana samun su kyauta a intanet, har da fassarar Larabci.

Mai son wannan fanni kada ya raina Fiziks tun yana sakandare, domin ba a rubuta doka a kan abin da ba a fahimta ba. Ya ƙware a Turanci, ya ƙara da Faransanci saboda maƙwabta. Ya koyi haƙurin karanta sashe bayan sashe. Wanda ya saba zama gaban malami ana warware masa matani kalma kalma ya riga ya samu rabin horon. Ɗaliban Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Kankiya su ma su san haƙƙin da dokar 1995 ta ba ma'aikaci da majinyaci. Masu sana'ar gwangwan kuma su riƙe wannan: duk ƙarfen da aka gani da alamar farfela mai kunne uku a kan launin ɗorawa, kada a fasa shi, kada a kai shi gida, a nisance shi a sanar da hukuma.

Allah ya ba matasa himma, ya kare al'umma daga cutar da ido ba ya gani.