Ƙarfin Jiki da Ƙarfin Zuciya ga Ɗan Wasan Ƙwallon Kwando



Ina godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ba ni damar yin tsokaci a kan ƙwallon kwando, wasan da ya shiga ran 'ya'yanmu masu tasowa a birane. Wani malamin makaranta ne mai suna James Naismith ya ƙirƙiro shi a Amurka a shekarar 1891, don ɗalibansa su sami abin motsa jiki a lokacin sanyi. Ke nan tun asalinsa wasa ne na tarbiyya.

Jama'a da yawa na ɗaukar cewa tsawo shi ne jarin ɗan ƙwallon kwando. Lalle tsawo baiwa ce daga Allah, amma juriya sai an horar da kai kafin a same ta. Filin wasan nan mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, kwandon kuma yana sama da ƙasa da mita 3.05. Minti 40 ake yi ana kai da komo, ana tsalle ana dira, kuma daƙiƙa 24 kacal ake ba kowane ɓangare ya jefa ƙwallo. Wanda numfashinsa bai kai ba, ko ƙafafunsa ba su yi ƙwari ba, tsawonsa ba zai cece shi ba.

Saboda haka horon jiki daga ƙafa yake farawa: gudun safe, tsallen igiya, tsuguno da miƙewa, sannan ɗumama jiki kafin a shiga fili, domin idon sawu da gwiwa su ne suka fi saurin jin rauni. Abinci kuwa ba sai na kanti ba. Wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, fura da nono da isasshen ruwa sun wadatar, idan aka haɗa da barci a kan kari. Ina jan kunnen matasa game da ƙwayoyi irin su Tramadol da ake sha da sunan ƙarin kuzari. Ƙarfin aro ne, kuma lafiya da hankali ake biya da su.

Horon zuciya shi ne mafi wuya, a nan ne kuma tarihin Hakeem Olajuwon yake da darasi. An haife shi a Legas a 1963, ya yi tsaron gida a ƙwallon ƙafa kafin ya kama ƙwallon kwando yana saurayi. Da ya isa Jami'ar Houston a 1980 bai goge ba tukuna, sai ya riƙa amfani da hutunsa yana karawa da ƙwararren ɗan wasa Moses Malone, yana shan turi da gwiwar hannu har jikinsa ya saba. Duk da haka ya sha kaye a wasan ƙarshe na gasar jami'o'i a 1983 da 1984, ya sake shan kaye a na gasar NBA a 1986. A wancan lokaci an san shi da saurin fushi, har an taɓa korarsa daga fili saboda faɗa.

Sai da ya mallaki zuciyarsa, ya koma ga addininsa da natsuwa, sannan nasara ta zo. Ƙungiyarsa ta Houston Rockets ta ɗauki kofi a 1994, shekara goma bayan shigarsa gasar, ta kuma maimaita a 1995. A watan Fabrairu na 1995, wanda ya dace da Ramalana, yana azumi yana wasa, amma shi aka zaɓa gwarzon wata. Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.

To, yaya yaro zai koyi irin wannan hali? Ya saba da jifan bugun laifi a lokacin da ya gaji liƙis, domin a haka zai same shi ranar gasa. Idan ya ɓarar da ƙwallo, kada ya tsaya cizon yatsa, ya ruga ya koma tsaron gida. Idan alƙalin wasa ya yi hukuncin da bai yi masa daɗi ba, ya haɗiye fushinsa, don laifi biyar ke fitar da ɗan wasa daga fili. Ya kuma yarda ya miƙa ƙwallo ga abokinsa da ya fi shi kyan wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga ƙarshe, ina kira ga iyaye da kada mu hana yaranmu wannan wasa, kada kuma mu sake su sakaka. Mu san filin da suke zuwa, mu san mai horar da su, mu gindaya sharaɗin cewa karatu ne a gaba. Kaɗan ne daga cikinsu za su ci abinci da ƙwallo, amma dukansu za su bukaci lafiya, haƙuri da iya zama da jama'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.