Jawabi Ga Ɗaliban Haɗa Magunguna A Jalingo Game Da Ciwon Sukari

Abin da ya tara mu yau shi ne ciwon sukari, da hakkin da zai rataya a wuyanku ran da kuka kama aiki, ko a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Jalingo, ko a kantin magani na cikin gari.

Ku sani mai wannan ciwo yakan ga likita sau ɗaya cikin watanni, amma kusan kowane mako sai ya zo gabanku. Saboda haka aikinku bai ƙare a miƙa magani da karɓar kuɗi ba. Bayanin da kuka yi masa shi ne rabin maganin.

Ciwon sukari yana samuwa ne idan jiki ya kasa yin sinadarin insulin, ko kuwa ya kasa amfani da shi yadda ya kamata, sai sukari ya taru cikin jini. Alamunsa su ne yawan fitsari, da ƙishirwa, da rama, da gyambon da ya ƙi warkewa. Wanda ya zo da waɗannan, kada ku sallame shi da ƙwaya. Ku tura shi a auna jininsa. In awon safe kafin a ci kome ya kai 126, aka maimaita ya sake kaiwa, to ciwon ya tabbata.

Kafin 1921, lokacin da Banting da Best suka gano insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, yaron da ya kamu da ciwon ba ya daɗewa a duniya. Yau ga maganin a hannunku, sai dai zafi yana lalata shi. Kwalbar da ba a buɗe ba a ajiye ta a firji tsakanin digiri 2 da 8, kada a bari ta daskare. Wadda aka buɗe takan yi kamar mako 4 muddin zafi bai wuce digiri 30 ba. To, kun san zafin Jalingo a watan Maris da Afrilu ya zarce haka, wutar lantarki kuwa ba kullum ba. Ku koya wa marar firji ya sa kwalbar cikin mazubi mai murfi, ya ajiye cikin sanyin randa a inuwa.

Abu na biyu shi ne faɗuwar sukari. Wanda ya yi allura, ko ya sha ƙwaya irin glibenclamide, sa'an nan bai ci abinci ba, zufa za ta karyo masa, jiki ya kama rawa, hankali ya rikice. In yana iya haɗiya, a dama masa sukari ƙaramin cokali 3 cikin ruwa. In ya suma, kada a ɗura masa kome, a garzaya da shi asibiti. Mai niyyar azumi ya ga likita tun da wuri, in kuwa awo ya sauka ƙasa da 70, lalle ya sha ruwa.

Na uku, masu tallar magani a kasuwa da tasha suna cewa suna warkar da ciwon ƙurmus. Ku gaya wa jama'a gaskiya: ciwon sukari lallaɓa shi ake yi, da magani, da rage tuwo da doya da lemon kwalba, da motsa jiki, da duba ƙafafu kullum. Wanda ya yar da maganinsa yana iya rasa ido, ko ƙoda, ko ƙafa.

Daga ƙarshe, ku yi wa mutum magana da harshen da yake ji, Hausa ne, ko Fulatanci, ko Mumuye, ku kuma sa ya maimaita abin da kuka faɗa kafin ya tafi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, don haka ku dage da karatu tun yanzu.