Ƙofar Gamji: Tarihin Wani Lambu da Darasin da ke Cikinsa

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



An umurce ni in yi magana a kan yadda al'umma ke tunawa da waɗanda suka yi mata hidima. Na ga ya fi kyau in ɗauki misali guda wanda da yawanmu mun sani, wato lambun shaƙatawar nan na bakin Kogin Kaduna da jama'a ke kira Ƙofar Gamji. Sunansa a hukumance shi ne Lambun Janar Hassan Usman Katsina. A ganina, tarihin Arewa hawa uku ne ke kwance a wannan wuri.

Hawa na farko shi ne zamanin Turawa. A cikin lambun aka ajiye wata 'yar gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙafa, wadda Gwamna Lugga ya sa aka gina a Zungeru a 1904, lokacin da can ne hedkwatar mulkin Arewa. Bayan an dawo da hedkwata Kaduna a 1917, sai Zungeru ta fara ja da baya. Daga baya aka kwance gadar, aka kawo ta Kaduna, aka sake haɗa ta. A 1956 aka sanya ta cikin jerin kayan tarihi na ƙasa. Ashe ke nan wannan 'yar gada ta girmi Nijeriya kanta da shekara 10, domin sai a 1914 aka haɗe Kudu da Arewa.

Hawa na biyu shi ne sunan Gamji. Gamji babbar bishiya ce mai faɗin ganye da yalwar inuwa, kuma shi ne laƙabin Firimiyan Jihar Arewa, Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, wanda aka kashe a Kaduna ranar 15 ga Janairu, 1966. Duk ɗan Arewa da ya ji an ce Gamji, shi yake tunawa.

Hawa na uku shi ne mai sunan lambun. An haifi Hassan a 1933, ɗa ne ga Sarkin Katsina Usman Nagogo, kuma ya riƙe sarautar Ciroman Katsina. Ya yi karatu a kwalejin da yanzu ake kira Barewa, ya shiga soja, ya samu horo a Sandhurst ta ƙasar Ingila. Bayan juyin mulkin Janairun 1966 aka naɗa shi Gwamnan soja na Jihar Arewa, yana ɗan shekara 32 kacal. Ku duba nauyin da aka ɗora masa: an kashe Firimiya, an kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, an kashe manyan hafsoshi 'yan Arewa, zukata sun harzuƙa. Ya riƙe wannan kujera har zuwa watan Mayu na 1967, lokacin da Janar Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12, shida daga cikinsu a Arewa. Daga 1968 zuwa 1971 shi ne Babban Hafsan Sojojin Ƙasa, wato a hannunsa aka ƙarasa yaƙin basasa a Janairun 1970. Ya bar aiki a 1975, ya rasu a watan Yuli na 1995. Allah ya jiƙansa da rahama.

To jama'a, ga abin lura. Hukuma ta sa wa lambun sunan Janar Hassan, amma bakin mutane bai bar cewa Ƙofar Gamji ba. Wannan bai rage wa Janar komai ba. Abin da ya nuna shi ne, rubuta suna a allo abu ne mai sauƙi, dasa shi a zukata kuwa sai an haɗa da labarin mai sunan. Yaron da ya je yawon Sallah a lambu, ya hau lilo, ya sha inuwa, ya koma gida bai san wanda aka karrama da wurin ba, an yi rabin aiki ne kawai.

Abu na biyu, fili ba ya tsare kansa. A garuruwanmu manya da ƙanana mun ga yadda filayen wasa da na shaƙatawa ke komawa shaguna da fulotai, yau a gutsiri nan, gobe a gutsiri can. Idan fili ya tafi, sunan da ke kansa ma ya tafi, kuma ba a taɓa rushe kanti a mayar wa yara wurin wasa.

Don haka ina ba wannan ƙungiya shawara uku. Na ɗaya, mu nemi takardun filin makarantarmu, a auna iyakokinsa, mu haɗa kuɗi a kewaye shi. Na biyu, kowane aji da ya gama a nan ya dasa itatuwa, dalbejiya ko maɗaci ko gamjin kansa, ya kuma ɗauki nauyin ban ruwa har su kama. Na uku, gidajen kwanan ɗalibai da ɗakunan da ke ɗauke da sunayen magabata, a kafa wa kowanne ɗan allo mai bayanin wane ne shi, yaushe ya rayu, me ya yi wa jama'a. Ƙannenmu 'yan kulob ɗin tarihi su za su tattaro bayanan daga bakin dattawa tun suna raye, mu kuma mu biya kuɗin aikin.

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ni kuwa a wannan fage cewa nake, wanda bai san bara ba, ba zai iya shirya wa baɗi ba. Ina roƙon kwamitin zartarwa ya sa waɗannan shawarwari cikin ajandar zamansa na gaba, ya kawo mana rahoto a taro mai zuwa.