Rumbun Zamani A Cikin Gida: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Tsofaffin Ɗalibai





Kwamitin shirya taro ya ɗora mini nauyin yin bayani a kan na'urar ajiya da na haɗa a gidana a Hotoro, domin ƙungiya tana shawarar yin irinta don adana hotuna da takardun makarantarmu. Ni ba injiniya ba ne, ma'aikacin gwamnati ne mai jujjuya fayil. Asara ce ta koya mini. A shekarar 2021 ina da faifan ajiya na tafi-da-gidanka wanda na tara komai a cikinsa: hotunan aurena, kwafin takardun filin gado, da muryar mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yana ba da tarihin gidanmu. Ran nan yaro ya ja waya, faifan ya faɗo daga kan tebur. Masu gyara uku na kai wa, ba a ceto ko hoto ɗaya ba. Takardu dai an sake nemo su. Muryar tsoho kuwa ta tafi ke nan.

Abin da Turawa ke kira NAS ni rumbu nake ce masa. Ƙaramar kwamfuta ce da ba ta da aiki sai ajiya. Ana jona ta da waya a jikin rauta, sai duk wayar hannu ko kwamfutar da ke gidan ta riƙa zuba kaya a ciki tana ɗiba, ba tare da an ƙona data ko kwabo ba.

To, jama'a, kafin mutum ya yi maganar akwati ko manhaja, a garin nan sai ya fara da wuta. Masu rubuta shawarwari a intanet yawancinsu a ƙasashen da ba a ɗauke wuta suke zaune, shi ya sa za ka ji suna cewa ka ɗauko tsohuwar kwamfutar tebur ka mai da ita rumbu. Mu yi lissafi. Kwamfutar da ke cin wat 60, idan ta kwana ta wuni a kunne, za ta sha yunit 43 a wata. Ƙaramar da ke cin wat 20 har da faya-fayanta, yunit 14 da ɗoriya. A farashin da aka yanka wa rukunin A a watan Afrilun 2024, wato naira 225 kowane yunit, ta farko ta kusa naira 10,000 a wata, ta biyu kuwa naira 3,200 da 'yan kai. Ba ma kuɗin ne babban abin dubawa ba, batir ne. Batir mai bolt 12 da amfiya 100, irin na ruwa, rabin cajinsa ya kamata a sha in ana so ya yi ƙarko, wato abin da zai riƙe babbar kwamfuta awa goma a bisa lissafin takarda, ƙaramar kuwa fiye da kwana guda. Duk wanda ke Kano a watan Oktoban 2024, lokacin da layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace muka yi fiye da mako a duhu, har masana'antun Sharada da Challawa da Bompai suka koma kan janareta, ya san wannan lissafi ba wasa ba ne. Kuma faifai ba abin da ya tsana irin a yanke masa wuta yana tsakiyar rubutu. Saboda haka inbata ko UPS ba ado ba ne, da shi ake fara cefane.

Sai akwatin kansa. Akwai na kanti wanda aka gama haɗawa, irin na kamfanin Synology na ƙasar Taiwan, ka saka faya-fayai ka kunna kawai. Yana da sauƙi, amma da tsada, kuma in ya samu matsala kayan gyaransa ba a kowane shago suke ba. Ni ƙaramar kwamfutar ofis 'yar Kwatano na saya, domin duk yaron da ke gyara a Farm Centre ya san cikinta. Sharaɗi ɗaya: ka buɗe ka tabbata tana da gurbin faifai biyu kafin ka biya.

A kan faya-fayai ne nake so ku ba ni aron kunnuwanku. A nan ne araha ba ta ado. Kwamfuta ta hannu ba laifi, amma faifai na hannu caca ne, domin ana iya wanke shi a manna masa sabuwar takarda. Idan ya zama dole, a jona shi a gabanka a buɗe manhajar CrystalDiskInfo, za ta nuna awa nawa ya yi yana aiki. Shekara ɗaya awa 8,760 ce, don haka in ka ga 40,000, ka san ya haura shekara huɗu yana juyi, ko da mai shago ya rantse jiya aka sauke shi. Bugu da ƙari, faya-fayai iri biyu ne, CMR da SMR. Na biyun yana jera rubutu wani kan wani kamar kwanon rufi, yana kuma yin sanyin jiki idan aiki ya yi yawa. A 2020 an yi ta ce-ce-ku-ce da aka gano wasu faya-fayan WD Red na SMR ne ba a sanar ba, daga baya kamfanin ya ware na CMR ya kira su Red Plus. A nemi wannan, ko IronWolf na Seagate. A sayi biyu masu girma ɗaya a haɗa su tagwaye, abin da ake kira RAID 1: duk abin da aka rubuta a ɗaya yana cikin ɗayan. Terabait 4 sau biyu, terabait 4 za ka samu, ba 8 ba. Na san ma'ajinmu zai ɓata rai, amma haka abin yake.

Manhaja kuwa ba sai an kashe ko sisi ba. TrueNAS, wadda aka fara da sunan FreeNAS a 2005, tana amfani da tsarin ZFS mai bin diddigin kowane fayil yana gano wanda ya fara ruɓewa, amma tana son ƙwaƙwalwar RAM aƙalla gigabait 8. OpenMediaVault, wadda aka gina a kan Debian, ba ta da ci, tana tafiya ko a kan raunanniyar na'ura. Ita na zaɓa wa gidana. Ga ƙungiya, inda hotunan za su shekara ba a buɗe su ba, TrueNAS nake ba da shawara.

Kada a manta da zafin Afrilu da ƙurar hunturu. Nawa yana kan kanta a ɗakin da rana ba ta bugu, kuma duk wata nakan buɗe in hure shi.

Abu na ƙarshe, wanda na fi jin tsoron a manta: tagwayen faifai ba sa hana gobara, ba sa hana ɓarawo, kuma in ka goge fayil bisa kuskure, a duka biyun ya goge. Mun ga abin da wuta ta yi wa Kasuwar Sabon Gari a 2016. Haka nan a 2022 wata muguwar manhaja mai suna DeadBolt ta kulle dubban irin waɗannan na'urori da aka bari a buɗe ga intanet, aka ce sai an biya fansa. Don haka kada a buɗe ƙofar rumbu ga waje, sannan a tanadi faifai na uku da za a riƙa kwafewa a kai wani gida. Nawa yana wurin yayata, nakan karɓo shi duk ƙarshen wata idan na je gaishe ta.

Roƙona ga malamanmu shi ne, duk mai tsofaffin hotunan aji, ko mujallar makaranta, ko rajistar 'yan wasa a cikin adaka, ya ba sakatare aro na mako biyu, za mu ɗauka mu mayar masa da abinsa. Kuma idan kun amince, muna so mu zo gida mu ɗauki muryoyinku.