Jarrabawar Yuni, tun Oktoba ake cin ta

Iyayenmu, malamanmu, ƴan'uwana samari da ƴanmata na Ƙonni, barkanmu da wannan zama.

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan tsaya kan aji biyu kawai: CM1 da CM2, ajin biyar da na shida na firamare. Da wuya a samu wani a nan da ba shi da ƙane, ko ƙanwa, ko ɗan yaya a cikinsu.

Kun san a 2024 gwamnati ta maido da jarrabawar CFEPD, wadda muke ce ma sartifika, bayan ta yi kusan shekara goma a soke. Ke nan yaron CM2 yana da ranar da ke jiransa a ƙarshen shekara. Ga ɗiyan talaka ranar nan ba wasa ba ce. Yarinyar da karatu ya tsaya mata a nan, mun san maganar da ake fara yi a gidansu. Yaron kuma kun san inda za ku gan shi: bakin titi da kwalaben man fetur, ko bisa babur yana kabu-kabu zuwa kan iyaka.

To, ya muke shirya su? Mu faɗi gaskiya. Shiru ake yi daga Oktoba har Afrilu. Watan Mayu na kamawa sai kowa ya zabura: a nemo tsofaffin tambayoyi, a sa yaro harda har dare, cikin zafin nan da ko babba ba ya iya zama. Hausawa sun gama magana: ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai binciken da ake kira PASEC, wanda ƙasashen Afirka masu koyarwa da Faransanci ke yi tare don auna abin da yara suka iya. A 2014 ya nuna cewa a Nijar ko ɗaya cikin goma na ƴan ajin ƙarshe na firamare bai kai matakin da ake so ba wajen karatu. A 2019 an matsa zuwa kusan uku cikin goma. An ci gaba, alhamdu lillahi. Amma sauran bakwai ɗin fa? Yaron da bai iya karanta tambaya ba, ba hardar wata guda da za ta fisshe shi.

Ku duba kuma yadda shekarar ke zubewa mako bayan mako. A ƙauyuka da yawa na Ƙonni, Malbaza da Illela, ajin zana ba ya tsayuwa sai an yi girbi an samu kara. Ranar Laraba kasuwar Ƙonni ce, wasu yaran suna can da farantin talla. Lokacin cirar albasa a yankin Galmi, hannun yaro ma aiki ne. Ni ban zo zagin iyaye ba, cikin gida sai da abinci. Amma duk makon da ya faɗi rami ne, kuma darasin gaba bisa ramin nan ake gina shi. Mushe ɗaya da yara cike da aji ba zai iya bin kowa ya cike mishi nashi ba.

Tun 1885 wani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya auna yadda mutum ke mantuwa. Ya gano cewa abin da ka koya yau, mafi yawansa cikin kwanakin farko yake gushewa, in ba ka koma kanshi ba. Mu da muka yi makarantar allo ba baƙon abu ba ne gare mu: tilawa ke riƙe karatu. Masu binciken koyo na yanzu sun ƙara da cewa rufe littafi a tambayi yaro ya fi amfani bisa a sa shi ya yi ta maimaita karantawa.

Ga abin da nake roƙo gare mu matasa, mu da Allah ya sa muka yi karatu. Kowa ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu. Awa ɗaya, sau biyu a mako.

Na farko, karatu. Ya karanta sakin layi ɗaya da ƙarfi, ya rufe littafin, ya gaya maka da Hausa abin da ya karanta. In ya kasa, kalmomin yake furtawa kawai, bai gane ba. A nan aikin yake.

Na biyu, lissafi. Yaron Ƙonni yana juya naira zuwa sefa a kai, ya san dala ashirin ita ce 100 a takarda. Kanshi na ja, Faransancin tambayar ne ke kada shi. Ka fara ba shi lissafin da buhun albasa da canjin kasuwa, in ya samu, sannan ka maido mishi shi yadda ake rubutawa a lakkwal.

Na uku, dikte na layi biyar da tambayoyi biyar. Uku daga darasin makon nan, biyu daga na watan jiya. Ka rubuta abin da ya samu a bayan kayensa, da kwanan wata. Ba duka, ba tsawa. In ka ga wuri ɗaya yake ta faɗuwa, je ka ga malaminsa cikin ladabi, ku haɗa kai.

Kada wani ya ce wannan tsarin Turawa ne. A nan jihar Tawa aka fara shirin Makaranta Don Kowa a 2004, tare da hukumar JICA ta Japan, inda mutanen gari ke zaɓen kwamitin makaranta, wato COGES, da ƙuri'arsu. Daga baya kwamitoci da dama sun shirya wa yara zaman bita bayan an tashi daga aji, mutanen unguwa na kula da su. Ƙofar a buɗe take. Mu nawa a nan suka taɓa zuwa taron COGES na unguwarsu?

Neman azuzuwan siminti, da littattafai, da biyan malamai a kan lokaci, haƙƙi ne, kuma ba za mu daina nema ba. Amma yarinyar da ke CM2 bana ba ta iya jiran kasafin kuɗin baɗi.

Don haka kafin mu watse, kowa ya rubuta sunan yaronsa a wayarsa, da ranakun nan biyu. Wanda ke karanta wannan a Facebook, kai ma da kai nake. Makon nan za a fara, ba Mayu ba.

Allah ya ba yaranmu sa'a, ya saka wa malamansu da alheri.