Aji ko Fadama: Ina Ake Koyon Lambu?

Wanda ya taɓa zuwa Kadawa ko Kura da rani ya san gwanintar lambu ba ta jiran takardar shaida. Yaron da ya tashi a fadama, da ya taka ƙasa zai gaya maka ko ta ƙoshi da ruwa.

Amma ku tuna 2016, shekarar da tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira Sharon, ta cinye tumatir a Kano da Kaduna. An yi ta feshi a banza, domin cikin ganye take ɓuya, kuma nan da nan take sabawa da magani. Baƙuwa ce, kakanninmu ba su san ta ba. Sanin rayuwarta da hanyar daƙile ta sai a makaranta, irin su Kwalejin Aikin Lambu ta Tarayya da ke Dadin Kowa a Gombe.

A ganina karatun ya cancanci kuɗinsa, muddin ɗalibi zai cire takalmi ya shiga kwami. Iyaye manoma, ku tura 'ya'yanku, in sun dawo ku yankar musu fili su gwada abin da suka koyo.